JINI NA ABOKI, ƁARGO NA ƊAN'UWA

Jawabin kwamitin lafiya a babban taron ƴan Zermu na bayan Sallah



Iyayenmu dattawa, ranku ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari. Ƴan'uwa da suka zo daga Damagaram da Miriya da Maraɗi da Yamai, da waɗanda suka tsallako daga Kano da Legas, da na Agadas da Arlit, muna yi muku barka da hanya. Waɗanda ba su sami zuwa ba kuwa, wannan takarda za ta iske su, muna roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

An ɗora mana yin magana a kan abin da ba mu saba kawowa taro ba. Mun saba da zancen rijiya, da gyaran aji, da kuɗin wata. Yau zancen jini ne da ɓargo. Ɓargon cikin ƙashi muke nufi, wanda yara ke rububinsa ranar Layya. Mun faɗi haka ne don kada mai buga takarda ya manta da ƙugiyar harafin, jama'a su zaci bargon rufa muke nema musu.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ɗan Zermu ba ya zama shi kaɗai a bariki. Yaro ya sauka a tasha da ƙunshin kayansa, kafin magariba ya sami wurin kwana, domin akwai na gida da suka riga shi zuwa. Mutum shida, mutum takwas a ɗaki guda, tukunya ɗaya, kwano ɗaya. Wanda ya samo yau shi ke cefane, wanda bai samo ba ya sa hannu, ba gori. Da dare in an tashi aiki, mai tura ruwa da mai gadi da ɗan kabu-kabu da mai shayi da burodi duk a haɗu a fada, a hura gawayi, a ɗora buta. A sha na fari, a sha na biyu, a ja na uku har dare ya raba, ana kati, ana gardamar wanda zai ɗauki takobin kokowa bana. A nan ake zuba adashi, a nan ake haɗa kuɗin mota ga wanda aka yi wa rasuwa, a nan ake tara gudummawar biki da suna. Dattawan da ke zaune nan sun yi irin wannan zama da wasu sunaye, sun yi gayya a gona, sun yi samariya zamanin Seyni Kunce. Ba mu da abin da za mu koya musu a kan zumunci.

To, amma wannan zumunci namu yana da iyaka, mun kuwa lura da inda iyakar take. Tana bakin ƙofar ɗakin ɗibar jini.

Ga yadda abin kan kasance. Waya ta yi ƙara ana tsakiyar hira, a ce an kawo yaron wane daga gida, yana kwance a Damagaram, tafin hannunsa ya yi fari fat, likita ya ce sai an ƙara masa jini. Kafin a yi awa guda kuɗi sun taru, na Kano ya aiko, na Agadas ya aiko ta Nita ko Amana, jika biyu, jika biyar, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Sa'an nan a ce ana son mutum biyu su zo a auna jininsu. Sai fada ta yi tsit. Wannan ya tuna yana da tafiya da sassafe, wancan ya ce shi kansa bai jin ƙarfi kwana biyu, wani wayarsa ta mutu nan take. A bar uban yaro, wanda ya kwana uku bai runtsa ba, da uwa mai goyo wadda ba a ɗibar nata. Kuɗi suna aljihu, amma ba a sayar da jini a kasuwar Dole, kuma babu wata masana'anta a duniya da ke yin sa. Daga jikin mutum yake fitowa.

Masu bukatar jini a wurinmu sun kasu uku. Akwai yaran da zazzabin cizon sauro ke shanye wa jini, galibi daga watan Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da kowa ke gona. Akwai mata masu zubar da jini wurin haihuwa. Sa'an nan akwai waɗanda nasu ba na damina ba ne, na dukan rayuwa ne, watau masu ciwon da muke kira emasi, wanda mutanen Najeriya ke ce wa sikila ko amosanin jini, kakanninmu kuwa suka sa shi cikin sanyin ƙashi. A kan waɗannan za mu tsaya, domin su ne zancen ɓargo ya fi shafa.

Ɓargo shi ne gonar jini. A cikinsa ƙwayoyin jini ke tsira, su nuna, su fita cikin jijiyoyi. Jajayen ƙwayoyin mai lafiya a mulmule suke, masu laushi, suna kai iska ko'ina cikin jiki, kowace kuma takan yi kwana 120 kafin ta mutu wata ta maye gurbinta. Na mai emasi kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, ba sa wuce kwana 10 zuwa 20. Saboda haka kullum jininsa a ƙarance yake, idonsa ya yi ɗorawa. In suka cushe a ƙananan jijiyoyi su ne ke kawo wannan ciwon ƙashi da ke sa ƙato kuka kamar jinjiri. Jariri kan fara da kumburin hannu da ƙafa tun bai shekara ba. Wani saifarsa ta kumbura dare ɗaya, wani ɓarin jikinsa ya shanye yana ɗan shekara bakwai. Da yawa cikin yaran da aka riƙa binnewa ɗaya bayan ɗaya a gida guda, ana ce musu ƴan wabi, ana sauya musu suna, ana neman tsari daga maita, wannan ciwo ne ya ɗauke su. Wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana ƙwayoyin nan masu kamar lauje a 1910. A 1954 kuma Anthony Allison ya nuna dalilin yawansu a ƙasashe irin namu: wanda ya gaji rabin abin daga mahaifi ɗaya kaɗai yana da ɗan kariya daga zazzabin sauro mai tsanani. Shi ya sa a Nijar da arewacin Najeriya, cikin mutum huɗu ko biyar, ɗaya yana ɗauke da shi, lafiyarsa lau, bai ma sani ba. A ƙirga mutanen da ke cikin wannan rumfa a raba.

Yadda ake gadonsa, iyayenmu, a saurara da kyau, domin a nan ake zaluntar mata. A ɗauko ƙwarya biyu, ɗaya ta miji, ɗaya ta mata, a sa wa kowace goro biyu, fari da ja. Farin shi ne likitoci ke kira A, jan shi ne S. Kowane ciki, ana ɗaukar goro ɗaya daga kowace ƙwarya ido rufe. In aka ɗauko fari da fari, yaro AA ne. In fari da ja ne, AS ne kamar iyayensa, lafiya. In ja da ja suka haɗu, SS ne, shi ne mai ciwon. Sau ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma kowane ciki sabon ɗauka ne, goron ba ya tuna abin da aka ɗauka bara. Gida ɗaya ya haifi takwas ba ko ɗaya, wani gidan uku a jere. Akwai kuma wani iri da ake kira C, wanda in ya gamu da S shi ma yana kawo ciwon. Abin lura dai shi ne, ja biyu ba sa fitowa daga ƙwarya ɗaya. Magidancin da ya ce matarsa ce ta kawo masa ciwo gida, har ya sake ta a kan haka, to rabin abin daga jikinsa ya fito, in ya auro wata mai AS labarin nan ne zai sake.

Tun da ciwon daga gona yake, magungunan da ake ba yaro gyaran shuka ne kawai. Suna da amfani ƙwarai, kada kowa ya raina su: ƙwayar folik, da fenisilin ga ƙanana, da allurar rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da wani magani da ake kira hidroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwon, da ƙarin jini in ta kama. Cibiyar ƙasa ta masu emasi da ke Yamai a kan wannan aiki take. Amma wanda ke son raba yaro da ciwon baki ɗaya sai ya sauya irin da ke cikin gonar. Shi ne ake kira dashen ɓargo.

Aikin ba sabo ba ne. Likita Donnall Thomas na Amurka ya fara shi tun 1956 tsakanin tagwaye, aka ba shi lambar Nobel a 1990. Da farko masu sankarar jini ake yi wa. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya ƴar shekara 8 a asibitin St. Jude da ke Memfis, mai sankarar jini kuma mai emasi. An dasa mata ɓargon ƙanenta don maganin sankarar, sai aka ga emasin ma ya tafi. Ƙanen nan kuwa AS ne, abin da ya nuna mai AS yana iya ba ɗan'uwansa. A nahiyarmu, birnin Tunis yana da cibiyar dashen ɓargo tun 1998. A Najeriya an yi na farko a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin likita Nosakhare Bazuaye, aka dasa wa yaro ɗan shekara 7 ɓargon wansa ɗan shekara 14. Asibitin Benjamin Mkapa na Dodoma a Tanzaniya ya soma a 2023, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas kuma a 2024. Inda aka sami ɗan'uwan da ya dace, aka kuma yi aikin tun yaro yana ƙarami, fiye da 90 cikin 100 suna rabuwa da ciwon.

Ku lura da abin da ya haɗa labaran nan: tagwaye, ƙane, wa. Ba mu ce aboki ba. Dalili kuwa, ɓargo ba kamar jini ba ne. Jini rukuninsa kaɗan ne, A da B da AB da O, a fada guda sai a sami uku ko huɗu da suka dace da mara lafiya. Ɓargo kuwa yana da wasu alamomi a jikin ƙwayoyinsa, masu kama da tsagar gado, waɗanda wani Bafaranshe, Jean Dausset, ya fara ganowa a 1958. Rabinsu daga uwa, rabi daga uba. In tsagar mai bayarwa ba ta yi daidai da ta mai karɓa ba, ko dai jiki ya ƙi baƙon ɓargon, ko baƙon ya juyo ya yaƙi mai masaukinsa. Tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, ana dacewa sau ɗaya cikin huɗu. Ƴan uba, komai ƙaunar da ke tsakaninsu, iyakarsu rabi, haka nan uwa da uba. Yanzu likitoci suna yin dashen rabin ma, amma ya fi wuya, ya fi haɗari. A nan gidajenmu suna da wata dukiya da ba su san suna da ita ba. Bature mai ƴaƴa biyu, ƙuri'a ɗaya gare shi. Matar da ta haifi bakwai, yaronta mara lafiya ƙuri'a shida gare shi, sai dai a cire duk wanda shi ma SS ne. Amma ƙuri'ar da ke Sabha tana aikin gini, ko tana ramin zinariya a Jado, ta ce ba ta zuwa, ba ta da amfani.

Me ke hana su zuwa? Tsoro, kuma mun san irinsa. An ce ana fasa ƙashin baya a zuƙe laka, mutum ya gurgunce. An ce wanda aka ɗebi ɓargonsa ba ya ƙara haihuwa, ba ya ƙara ɗaukar buhu. To, ga yadda ake yi. Ba a taɓa ƙashin baya, ba a kusantar laka. Daga bayan ƙashin ƙugu ake ɗiba, wurin da mutum ke dafawa in ya gaji da noma. Ana sa shi barci da magani, a soka allura, a zuƙo abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na ɓargon jikinsa ba, cikin awa guda ko biyu. Ba a yanka, ba a ɗinki. In ya farka zai ji tsami kamar wanda ya faɗo daga amalanke, kwana kaɗan zuwa mako biyu, kuma cikin mako huɗu zuwa shida ɓargon ya mayar da kansa. Haɗarin da ke ciki shi ne na maganin barci, irin na kowane ƙaramin aiki, shi ya sa ake auna lafiyar mutum tukuna. Akwai wata hanyar ma da ake tace irin daga jinin hannu, amma ga masu emasi likitoci sun fi son na ƙugu. Zancen haihuwa da ƙarfin namiji kuwa, babu abin da ya haɗa su da ƙashin ƙugu. Yaro ɗan shekara 14 ya yi a Benin.

Wahala ta gaskiya tana kan mai karɓa, ba kuwa za mu ɓoye muku ita ba. Sai an ba shi magunguna masu ƙarfi sun kashe tsohon ɓargonsa, gashinsa ya zube, sa'an nan a ɗura masa sabon ta jijiya kamar ƙarin jini. Sabon yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya kama, a cikin wannan lokaci yaro ba shi da garkuwa, yana ɗaki shi kaɗai, ko mura na iya kashe shi. Cikin ɗari akan rasa kamar biyar. Wasu magungunan suna hana shi haihuwa daga baya, wanda kuma ya haihu, jan goron nan yana nan cikin ƙwaryarsa, zai ba ƴaƴansa. Shi ya sa ba kowane mai emasi ake yi wa ba, sai wanda ciwon ya tsananta masa. Ga kuɗi: aikin bai zo jiharmu ba, sai an fita waje, kuma da kuɗin asibiti da jirgi da zaman watanni, ya haura miliyan 10 na sefa nesa ba kusa ba. Wani sabon magani da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, wanda ke gyara ɓargon mutum da kansa ba sai da ɗan'uwa ba, kuɗinsa ya wuce dalar Amurka miliyan 2. Wannan mun ambata ne kawai don kada wani ya ji a rediyo ya sayar da gonarsa.

Wani dattijo zai ce, in haka ne, me ya kawo zancen nan taron talakawa? Abu biyu. Na ɗaya, shekara ashirin da suka wuce babu wannan aiki ko'ina a Najeriya, yau ana yinsa a Legas, inda ƴaƴanmu ke zuwa ci-rani a mota. Abin da ya taso daga Memfis ya iso Legas ba zai tsaya can ba, gara ya iske mu mun san shi. Na biyu, a cikinmu akwai ƴan kasuwa da ma'aikata da Allah ya hore wa, kuma akan ji gidan da aka haɗa kuɗi, likita ya ce a kawo ƴan'uwan yaro a auna, amma uwa ta ce ba ta yarda a taɓa mata mai lafiya saboda mara lafiya ba. Ba mu ga laifinta ba, ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Awon kansa ɗan jini ne cikin kwalba, ko auduga a goga cikin kunci.

Game da addini, malamai suna nan, su ne masu magana. Abin da za mu kawo kawai shi ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Fabrairun 1988, ta halatta ɗaukar abin da ke mayar da kansa daga jikin mutum, kamar jini da fata, a sa wa wani, muddin mai bayarwa ya yarda kuma abin ba zai cuce shi ba, ta kuma hana sayarwa. Muna roƙon limamanmu su duba wannan, su faɗa wa jama'a da bakinsu ranar Juma'a, domin kalma ɗaya daga gare su ta fi takardunmu goma.

Ga wanda ba shi da shaƙiƙin da ya dace, ƙasashe sun buɗe rajistar masu kyautar ɓargo, mutum ya rubuta sunansa ko Allah zai sa ya dace da wani baƙo. Sunayen da ke ciki a duniya sun haura miliyan 40, amma baƙar fata kaɗan ne. A Amurka an ƙiyasta Bature mara lafiya yana da sa'ar 79 cikin 100 ta samun wanda ya dace da shi, baƙar fata 29 kacal, domin tsagar nan ta gado tana bin asali. Wani lauya ɗan asalin Najeriya, Seun Adebiyi, da sankarar jini ta kama shi a 2009 ya ɗanɗani wannan rashi, bayan ya warke ya tsaya aka buɗe rajista a Inugu a 2012. Ɗalibanmu da ke Faransa, can ana rubuta mai shekara 18 zuwa 35 kyauta. Wanda ke can ya je.

Mu dawo fada. In ɓargo na ɗan'uwa ne, ina rabon aboki? Rabonsa ya fi yawa, don yaron da za a yi wa dashe sai ya rayu ya kai ranar, kuma ɗaruruwan da ba za a taɓa yi wa ba, da jinin mutane suke rayuwa. Baligi yana da kamar lita 5 na jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, bai cika ledar ruwan sanyi guda ba. Ruwansa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa cikin ƴan makonni. Namiji mai lafiya, wanda ya kai shekara 18 da kilo 50, yana iya bayarwa duk wata uku, mace duk wata huɗu in ba ta da ciki ko goyo. Allurar sabuwa ce, a gabanka ake ɓare ta. Ana kuma auna jinin a ga ko akwai sida ko ciwon hanta ko tunjere, a gaya maka kai kaɗai. Mun san wannan awon shi ne ainihin abin da ke tsorata wasu samari, ba allura ba. Ciwon hanta kuwa ya yi yawa a cikinmu, wanda ya san yana da shi da wuri shi ne mai rabo. Jinin da aka ɗiba yana ajiyuwa a firji mako biyar zuwa shida. Ma'ana, wanda aka bayar cikin natsuwa a watan Yuli shi ke ceton yaron da aka kawo tsakar dare a watan Agusta, ba sai an tashi mutane daga barci ba. Akwai masu cewa ana sayar da jinin da aka bayar kyauta. In wani ya ga haka da idonsa ya kawo wa kwamiti mu bi kadi, amma kada ya mai da jita-jita hujjar zama.

Rabon aboki na biyu ya fi na farko wuya. Saurayi ba ya gaya wa ubansa wadda yake so sai ya gaya wa abokinsa. Aboki ke rakiya zance, shi ke kai goro, shi ne babban abokin ango. To, shi ya kamata ya ce, kafin a kai kuɗin gaisuwa mu je a auna jini, ni ma a auna nawa. In an bari sai an sa rana, an ɗinka kaya, ba mai iya janyewa. Jihar Kano ta mai da awon nan doka kafin ɗaurin aure a 2024. Mu ba mu da ikon doka, kuma ba mu ce a bar auren zumunci ba, iyayenmu, kada a fahimce mu a karkace. Auren gida ba shi ke ƙirƙirar ciwon ba, sai dai in jan goro yana cikin zuriya, ƴaƴan wa da ƙane sun fi saurin haɗuwa a kansa. A auna su kawai. In duka biyu AS ne, a gaya musu gaskiya, a bar su da iyayensu su yi shawara da idonsu a buɗe. A roƙi awon da ke fitar da harufa, AA ko AS ko AC, a rubuta a karne, domin ƙaramin awon da aka saba yi yana nuna akwai S ne kawai, ba ya rarrabe mai rabi da mai duka, ba ya kuma ganin C.

Sa'an nan akwai mai emasin da ke zaune tare da mu a fada, domin da kulawa suna girma, suna aure, suna sana'a. A daina ce masa rago in ya kasa tura baro. Sanyin hunturu da dukan ruwan sama da ƙishirwa su ke tayar masa da ciwo, saboda haka a ɗaki a ba shi wurin da ba ya bakin ƙofa, a tafiyar Agadas a tabbata jarkarsa cike take. In zazzabi ya kama shi, ko ƙirji ya riƙe, ko magana ta karkace, a sa shi a mota nan take, kada a tsaya jiƙo.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gaban taro don a amince ko a gyara. Kowace fada ta ƴan Zermu, a Damagaram ko a waje, ta buɗe littafi a hannun ma'ajinta, a rubuta sunan duk wanda ya yarda, da rukunin jininsa, da lambar wayarsa. Harufan AA da AS ba a rubuta su a littafin, wannan sirrin mai shi ne. Na Damagaram su tsai da rana ɗaya a farkon damina, wata kuma kafin azumi, lokacin da jini ke ƙaranci, su tafi tare cibiyar ƙarin jini ta jiha. A karya kumallo sosai kafin a je, a riƙe katin shaida. Asusun ƙungiya ya ɗauki kuɗin awo ga saurayi da budurwar da ba su da hali. Gidan da likita ya nemi a auna ƴan'uwan yaro kuma, a sanar da kwamiti, mu za mu nemo na ci-rani a waya, kuɗin motarsa na zuwa da komawa a kanmu. Magatakarda yana bakin ƙofa da littafin farko, mu ƴan kwamiti mun riga mun sa sunayenmu. Masu tambaya su ɗaga hannu, dattawa tukuna.